Tarihin Sauraron Motsin RNA da Ƙarfen da Ke Riƙe Ta

A shekarar 1869, a garin Tübingen na Jamus, wani matashin likita ɗan ƙasar Suwizalan, Friedrich Miescher, ya riƙa karɓo tsofaffin bandeji daga asibiti yana wanke mugunyar da ke jikinsu, domin ya sami fararen ƙwayoyin jini da zai bincika. Daga cikinsu ya fitar da wani sinadari da bai yi kama da furotin ba, kuma abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne yawan fosfaras da ke cikinsa. Wannan sinadari ne daga baya aka raba gida biyu, DNA da RNA, bayan Phoebus Levene ya gano sukarin ribos a 1909 da ɗan'uwansa diyoksiribos a 1929. Fosfaras ɗin da ya ba Miescher mamaki shi ne tushen labarin nan gaba ɗaya. RNA sarƙa ce ta haruffa huɗu, A da U da G da C, kuma tsakanin kowane harafi da na gaba akwai fosfet mai ɗauke da cajin lantarki negatif. Caji iri ɗaya tunkuɗe juna yake yi, saboda haka sarƙa mai haruffa 76 tana da wurare sama da 70 da ba sa ƙaunar kusantar juna. Ga shi kuma RNA mai aiki da kanta dole ta naɗe, ta lanƙwashe, ta haɗa sassan da suke nesa. Masu sasanta wannan rikici su ne ayon na ƙarafa masu caji fositif da ke narke a ruwan ƙwayar halitta, musamman fotasiyam da magniziyam. Abin da nake so in kafa a wannan tarihi shi ne, tambayar inda ƙarfen yake zama da tambayar yadda RNA take motsi tambaya ɗaya ce, kuma masana sun shafe kusan shekara 40 suna bin su dabam-dabam kafin na'urar NMR, mai sauraron cibiyar ƙwayar zarra, ta tilasta musu haɗa su.

Ita na'urar ba domin RNA aka ƙirƙiro ta ba. A 1924 Wolfgang Pauli ya kawo ra'ayin cewa cibiyar ƙwayar zarra tana da wani juyi nata, kamar katantanwar da yaro ya murza, kuma wannan juyi yana mai da ta ɗan ƙaramin maganaɗisu. Idan aka sa irin wannan cibiya cikin babban maganaɗisu, sai ta riƙa rangaji da wani sauri na musamman, in kuma aka aika mata igiyar rediyo mai daidai da saurin, sai ta amsa. Isidor Rabi ya nuna haka a 1938 a Jami'ar Columbia, amma a kan ƙwayoyin da ke gudu cikin bututun da aka zuƙe wa iska. Cornelis Gorter na Holan ya nemi amsar a cikin daskararren abu a 1936, ya sake nema a 1942, bai dace ba. Ana cewa Yevgeny Zavoisky ya hango siginar a Kazan ta Rasha tun 1941, sai dai maganaɗisunsa bai daidaitu ba, siginar tana zuwa tana ɓacewa, shi kuma bai wallafa ta a matsayin ganowa ba. Abin da ke rubuce babu gardama shi ne, a watan Disamba na 1945 Edward Purcell da abokansa biyu a Harvard suka ji amsar haidurojin a cikin kakin farafin, a watan Janairu na 1946 kuma Felix Bloch da nasa abokan a Stanford suka ji ta a cikin ruwa. An haɗa su biyun a kyautar Nobel ta 1952.

Masana fiziks sun so su auna ƙarfin maganaɗisun cibiyoyi ne kawai, sai abin ya ɓullo musu ta wata ƙofa. A 1950 Warren Proctor da Fu Chun Yu suka tarar naitirojin na gishirin amoniyam naitiret yana ba da sigina biyu, a 1951 kuma aka ga barasar itanol ta ba da uku, ɗaya ga kowane rukunin haidurojin. Ashe maƙwabtan da ke kewaye da cibiya suna ɗan gotar da muryarta, ta yadda kowace cibiya take faɗar unguwar da take zaune. Wannan gocewar sigina ita ce ta ba masana kemistiri na'urar. Amma a ganina abin da ya fi wannan muhimmanci ga RNA ya faru a gefe, ba tare da an yi masa kakaki ba. A 1948 Nicolaas Bloembergen da Purcell da Robert Pound suka nuna cewa saurin da sigina take lafawa ya dogara ne ga yadda ƙwayar take jujjuyawa. A 1950 Erwin Hahn ya gano cewa siginar da ta watse ana iya dawo da ita kamar amsa-kuwwa, Carr da Purcell suka jera bugun rediyon a 1954, Meiboom da Gill suka gyara jerin a 1958. Herbert Gutowsky a 1953 da Harden McConnell a 1958 suka tsara lissafin abin da ke faruwa idan cibiya tana kai da komo tsakanin unguwa biyu: in tana yi a hankali, a ji murya biyu; in da sauri sosai, a ji ɗaya a tsakiya; in tsaka-tsaki, muryar ta dusashe ta yi faɗi. Ke nan tun kafin kowa ya san siffar RNA ko ɗaya, an riga an mallaki agogon da zai auna motsinta. A 1953 ɗin kuma, shekarar da Watson da Crick suka bayyana tufkar DNA, Albert Overhauser ya ce juyin wata ƙwaya yana iya ƙarfafa siginar maƙwabciyarta. Ana ba da labarin cewa manyan fannin sun yi masa ca a taro suna ganin ya saɓa wa dokar zafi. Abin da aka tabbatar shi ne Carver da Slichter sun gwada a ƙarfen litiyam a wannan shekarar, suka ga gaskiyarsa. Daga nan ne aka sami ma'aunin tazara tsakanin haidurojin biyu da ba su wuce angstrom 5 ko 6 tsakaninsu ba.

Ƙarfe ya riga motsi shigowa fagen. A 1960 da 1962 Mildred Cohn ta saurari fosfaras na ATP, ƙaramar ƙwaya mai fosfet uku, ta nuna cewa siginarsa tana gocewa idan magniziyam ya kama shi, kuma daga yadda fosfet uku suka goce ta gane waɗanda ƙarfen ya riƙe. A 1969 ita da Antoine Danchin da Marianne Grunberg-Manago suka bi manganis a jikin tRNA, ƙaramar RNA mai dakon amino asid zuwa wurin ƙera furotin, wadda Robert Holley ya fara karanta jerin haruffanta a 1965. A 1971, a ɗakunan binciken Bell, David Kearns da Dinshaw Patel da Robert Shulman suka yi abin da ya zama harsashin fannin: suka ji haidurojin ɗin da ke tsakanin haruffa biyu masu riƙe da juna, G da C ko A da U, a cikin ruwa. Amfanin wannan haidurojin shi ne, muddin haruffan suna riƙe da juna ana jin sa, da zarar sun saki juna ruwa ya ɗauke shi, siginar ta ɓace. Kowane layi a takardar na'ura shaida ne cewa wani ɗauri yana nan, kuma saurin ɓacewarsa yana faɗar sau nawa ɗaurin yake buɗewa. Alfred Redfield ya ƙera dabarar danne ƙarar ruwan da ke binne waɗannan ƙananan muryoyi, kuma a ƙarshen shekarun 1970 ya fara gane wane layi ne na wane harafi.

Sai dai gani ya kori ji. A 1974 rukunin Alexander Rich da Sung-Hou Kim a Amurka, da na Aaron Klug a Cambridge ta Ingila, suka fitar da hoton tRNA mai haruffa 76 daga kiristal da hasken eksire: ga ta nan a lanƙwashe kamar gwiwar hannu, kuma ba da jimawa ba aka nuna 'yan wuraren da magniziyam yake zaune a cikinta. Hoton ya yi kyau ƙwarai, kuma ya cancanci yabon da ya samu, amma ya dasa wani tunani da ya daɗe: RNA gini ce, ƙarfe kuma ƙusa ce da aka kafa a wasu kusurwoyi. Alhali tun 1969 Gerald Manning ya yi lissafin da ke nuna cewa yawancin cajin irin wannan sarƙa, kimanin kashi uku cikin huɗu a DNA, gajimaren ayon masu yawo ne yake rufe shi, ayon da ba su da mazauni, ba sa kuma fitowa a hoton kiristal. Abin da hoto ya nuna shi aka riƙa tattaunawa, abin da bai nuna ba aka bar wa masu lissafi. NMR a lokacin ba ta da bakin musu, domin layukan tRNA sun cunkushe, duk da cewa Richard Ernst da Weston Anderson sun kawo dabarar bugu ɗaya a ji dukkan muryoyi a 1966, Jean Jeener kuma ya kawo tunanin shimfiɗa siginar a fuska biyu a 1971, wanda Ernst ya aiwatar a tsakiyar shekarun 1970.

A 1982 Thomas Cech ya nuna cewa wata RNA ta halittar Tetrahymena tana yanke kanta ta sake ɗinkewa ba tare da furotin ba, a 1983 kuma rukunin Sidney Altman ya nuna RNA ce mai yankan a inzayim ɗin RNase P. Duka biyun suna bukatar magniziyam. Nan take tambayar ƙarfe ta tashi daga batun riƙe gini zuwa batun wuƙar yanka. A 1987 John Milligan da Olke Uhlenbeck suka sauƙaƙa ƙera RNA mai yawa a kwalba da inzayim ɗin T7, a 1990 rukunin Ignacio Tinoco a Berkeley ya warware siffar madaukin UUCG a cikin ruwa, a 1991 Hans Heus da Arthur Pardi suka warware na GNRA, a 1992 kuma rukunin Pardi da na James Williamson suka koyi cusa wa RNA kabon 13 da naitirojin 15, nau'o'in da NMR take ji. A cikin shekara biyar fannin ya miƙe tsaye.

Amma fa ga matsala: magniziyam kusan bebe ne a NMR. Nau'insa da ke amsawa, magniziyam 25, kashi 10 cikin ɗari ne kawai, kuma siginarsa tana bajewa da zarar ya kusanci babbar ƙwaya. Ƙari a kan haka, yana tafe ne da ƙwayoyin ruwa shida da ya rungume gam, yana musanya su kimanin sau dubu ɗari a sakan, alhali fotasiyam yana musanya nasa kimanin sau biliyan. Saboda haka magniziyam yana iya taɓa RNA kai tsaye bayan ya saki ruwa ɗaya ko biyu, yana iya taɓa ta ta bayan ruwansa, yana kuma iya zama ɗan gajimare kawai. Don bambance waɗannan sai aka koma ga wakilai. Manganis yana da elektron biyar marasa abokai, kuma duk haidurojin da ya kusance shi siginarsa tana dushewa, sai a bi sawun dushewar a gane inda ya tsaya. Frédéric Allain da Gabriele Varani sun yi haka a 1995. Kobalt mai rungume da amoniya shida ya yi kama da magniziyam mai ruwansa shida, ba ya kuma sakin ko ɗaya, ga shi da haidurojin 18 da ake iya auna tazararsu da RNA. Da shi Jeffrey Kieft da Tinoco suka zana mazaunin ƙarfe a babban kwarin tufka a 1997, Samuel Butcher da Allain da Juli Feigon kuma suka yi amfani da shi tare da manganis a 2000. Dabara ta uku ita ce a cire oksijin ɗaya daga fosfet a sa farar wuta a gurbinsa. Magniziyam ba ya son farar wuta, kadmiyam kuwa yana son ta, don haka in aka zuba kadmiyam siginar fosfaras ta yi tsalle, an san ƙarfe yana taɓa wannan wurin kai tsaye.

Mai shakka zai ce wakili ba mai gida ba ne, kuma yana da gaskiya. Manganis ya fi magniziyam son naitirojin, kadmiyam ya fi shi girma, farar wuta kanta tana iya canja siffar wurin. Amsar da ta dace ita ce babu wanda ya kamata ya yarda da wakili ɗaya. Ana yarda ne idan uku masu rauni dabam-dabam suka nuna wuri guda, kuma siginar RNA ta goce a wannan wurin idan aka zuba magniziyam na gaskiya. Hoton kiristal ma ba shi da tsarki a nan. Ayon na magniziyam da na sodiyam da ƙwayar ruwa duk elektron goma-goma suke da su, hasken eksire kuma elektron yake gani, kuma a 2017 rukunin Pascal Auffinger ya nuna cewa da yawa daga abin da aka rubuta magniziyam a rumbun siffofi ba shi ba ne.

Darasin da ya fi zafi ya fito ne daga wani ribozayim, wato RNA mai yanka, da aka raɗa wa suna kan guduma, saboda zanensa ya yi kama da kan wani kifin shak. An fitar da hotonsa a 1994 da 1995, a gajeriyar siffar da aka datse don sauƙin aiki. A 1999 rukunin Daniel Herschlag ya nuna da dabarar farar wuta da kadmiyam cewa ƙarfe ɗaya ne yake riƙe fosfet na harafin A9 da fosfet ɗin da ake yankewa, rukunin Victoria DeRose kuma ya ji kadmiyam yana kama fosfet na A9 ta siginar fosfaras a 2000. Amma a hoton, tazarar fosfet biyun kimanin angstrom 20 ce, ƙarfe ɗaya ba zai taɓa haɗa su ba. An yi shekaru ana tufka da warwara, kuma a 1998 an ƙara dagula lissafin da aka ga kan guduma yana yanka ba magniziyam ko kaɗan idan gishirin litiyam ya yi yawa. A 2003 aka gane cewa sassan da aka datse suna taɓa juna, suna ninka saurin yankan ɗaruruwa. A 2006 Monika Martick da William Scott suka fitar da cikakkiyar siffa daga tsutsar Schistosoma mansoni, 'yar'uwar mai jawo tsargiya, sai ga fosfet biyun kusa da juna, tazarar angstrom 4 da ɗoriya. Babu ɓangaren da ya yi ƙarya. Gajeren kan guduma yana shafe kusan duk lokacinsa a siffar da ba ta yanka, yana leƙa siffar yanka jefi-jefi, kuma mazaunin ƙarfen bai wanzu ba sai a wannan ɗan leƙen. Masu hoto sun kama siffar zama, masu gwajin yanka sun kama siffar leƙe. A nan ya bayyana ƙarara cewa mazaunin ƙarfe yana iya zama abu mai zuwa ya tafi.

Wurin da NMR ta nuna haka harafi da harafi shi ne RNA mai suna U6, zuciyar injin da ke yanke sassan da ba a bukata daga saƙon halitta ya ɗinke sauran. A 2000 rukunin Ren-Jang Lin ya nuna a yis cewa idan aka sa farar wuta a fosfet na harafinta U80, yankan ya tsaya cak, in aka zuba ƙarfe mai son farar wuta ya dawo. A 2002 rukunin Butcher a Jami'ar Wisconsin ya saurari wannan ɗan reshe a ruwa, ya tarar da abin da hoto ɗaya ba zai iya faɗa ba. Maƙwabcin U80, wato A79, yana iya karɓar haidurojin mai caji ya riƙe C67, kuma yana yin haka a tsamin da ke kusa da na cikin ƙwayar halitta, wajen 6.5 a ma'aunin pH. Idan ya karɓa, ƙarfe ya rage kama U80. Idan ƙarfe ya kama, A79 ya rage karɓa. A 2004 da 2005 suka nuna sauran labarin: karɓar haidurojin ɗin tana tafiya da ficewar U80 daga cikin jerin tufka, kuma harafin yana shiga da fita cikin 'yan gomman maikrosakan, wato dubban sau a kowane sakan. Ƙarfe da haidurojin kishiyoyi ne a kan wuri guda, kowannensu yana jan RNA zuwa siffar da ta dace da shi. A 2013 rukunin Jonathan Staley da Joseph Piccirilli a Chicago ya tabbatar da cewa fosfet na U6, har da na U80, su ne suke riƙe ƙarafa biyu masu yin yankan, kamar yadda Thomas Steitz da Joan Steitz suka yi hasashe a 1993.

Labarin TAR ya bi wata hanyar ya iso wuri guda. TAR ɗan reshe ne a farkon RNA na ƙwayar HIV, tufka biyu da haruffa uku marasa abokai a tsakaninsu, kuma sai furotin ɗin Tat ya kama shi ƙwayar take hayayyafa da ƙarfi. A 1992 Joseph Puglisi da Williamson da abokansu suka nuna cewa amino asid ɗin arjinin shi kaɗai yana canja siffarsa. An fassara haka da ra'ayin Daniel Koshland na 1958, cewa baƙo ne yake lanƙwasa mai masauki. A 1995 rukunin James Prestegard, a 1997 kuma Nico Tjandra da Ad Bax, suka buɗe hanyar auna alƙiblar kowane ɗauri a ƙwayar da aka ɗan jera, a 1998 rukunin Pardi ya gano cewa dogayen ƙwayoyin cuta masu suna Pf1 suna jera RNA ba tare da manne mata ba, domin su ma cajinsu negatif ne. Da wannan Hashim Al-Hashimi ya nuna a 2002 cewa tufka biyun TAR suna lilo a kan juna, a 2003 kuma cewa magniziyam yana miƙar da su ya tsayar da lilon. Akwai cikas: lilon gaɓar da jujjuyawar ƙwayar gaba ɗaya suna cakuɗewa. A 2006, a Jami'ar Michigan, shi da Qi Zhang suka tsawaita tufka ɗaya da haruffan da na'ura ba ta ji, ta yi nauyi ta zama turke, sai motsin ɗayar ya fito fili. A 2007 suka nuna cewa siffofin da TAR yake ɗauka idan sinadarai bakwai dabam-dabam suka kama shi duk suna kan hanyar da yake bi shi kaɗai. Baƙon yana zaɓa ne daga abin da ya tarar. A wannan shekarar kuma rukunin ya nuna cewa sodiyam mai yawa yana miƙar da TAR kusan yadda magniziyam kaɗan yake yi, duk da cewa hoton kiristal na 1998 ya nuna kalsiyam huɗu zaune a gaɓar. A nan gajimaren Manning ne yake yawancin aikin, bayan shekara 38.

Daga 2011 aka shiga zamanin siffofin ɓoye. Dabarar ta samo asali daga amsa-kuwwar Hahn da lissafin McConnell: ko da siffa ta biyu kashi ɗaya ce cikin ɗari, tana barin tabo a faɗin siginar siffa ta farko, kuma idan aka riƙa canja ƙarfin bugun rediyo ana iya ciro yawanta, tsawon ranta, da gocewar siginarta. Charles Hoogstraten da Pardi sun fara gwada haka a 2000 a kan ribozayim mai aiki da darma. A 2011 Evgenia Nikolova da Al-Hashimi suka nuna cewa haruffan DNA suna juyawa na ɗan lokaci zuwa irin riƙon da Karst Hoogsteen ya gani a 1959, a 2012 kuma Elizabeth Dethoff da Katja Petzold da abokansu suka nuna siffofin ɓoye a madaukin TAR da wurin karanta saƙo na ribosom, injin ƙera furotin. Misalin da ya haɗa zaren biyu ya zo a 2017. Tun 2002 rukunin Ronald Breaker da na Evgeny Nudler suka gano cewa wasu RNA na bakteriya makunnai ne, suna kama ƙaramin sinadari su kunna ko su kashe aikin halitta. Ɗaya daga cikinsu, wanda aka gano a 2012, fuloraid yake kamawa, abin mamaki tunda fuloraid ma negatif ne. Hoton rukunin Patel ya nuna cewa magniziyam uku ne suke rungume shi, fosfet kuma suna riƙe da su. Da Bo Zhao da Qi Zhang suka saurare shi a Jami'ar North Carolina, sai suka ga cewa in akwai magniziyam, siffar RNA da fuloraid da babu fuloraid kusan ɗaya ce. To ta yaya makunnin yake sanin bambanci? Wanda babu fuloraid yana leƙa wata siffa mai kashi ɗaya cikin ɗari, mai rai na milisakan 3, inda ɗauri guda yake kwancewa, kuma ta wannan kafa ce saƙon kashewa yake shiga. Fuloraid yana toshe kafar.

Akwai suka biyu da ba za a kau da kai daga gare su ba. Ta farko, siffar ɓoye ba a gan ta ba, an ciro ta ne daga lissafin da ya ɗauka cewa siffofi biyu ko uku ne kawai. Haka ne. Abin da ya sa na yarda da mafi kyawun waɗannan ayyuka shi ne an gwada su ta hanyar da za su iya faɗuwa: a canja harafi ɗaya don a kulle RNA a siffar da ake zato, sai a duba ko siginarta ta sauka inda lissafi ya ce, sannan a duba ko aikinta a ƙwayar halitta ya canja. Inda ba a yi wannan gwaji ba, zato ne kawai, kuma ya kamata a kira shi zato. Suka ta biyu ta fi nauyi: yawancin RNA da aka saurara ba su wuce haruffa 30 zuwa 50 ba, kuma kan guduma ya riga ya nuna abin da datsewa take jawowa. Madubin elektron mai daskararwa ya nuna injin U6 kusan gaba ɗayansa a 2015 a hannun rukunin Shi Yigong a Beijing, abin da NMR ba za ta iya ba. An ɗan matsa iyakar: rukunin Michael Summers ya warware sashe mai haruffa 155 na RNA ɗin HIV a 2015 ta hanyar maye yawancin haidurojin da nau'insa mai nauyi, rukunin Harald Schwalbe a Frankfurt ya bi naɗewar makunni sakan bayan sakan a 2007, ya kuma jagoranci sauraron sassan RNA na ƙwayar korona a 2020, shekarar da aka kafa maganaɗisu mai gigahaz 1.2 a Florence ta Italiya. Duk da haka ribosom ya fi ƙarfin NMR. Sai dai daskararwar da madubin elektron yake bukata tana tsayar da agogo. Tana iya nuna siffofi da yawa, ba ta faɗar wadda ta daɗe milisakan 3 da wadda ta daɗe maikrosakan 50, kuma a makunnin fuloraid wannan tsawon lokaci shi ne hukuncin.

Giɓin da ya fi damuna yana wajen ruwan gwaji. A cikin ƙwayar halitta, magniziyam ɗin da yake sake bai wuce kimanin milimola ɗaya ba, sauran ATP da furotin da ribosom sun riƙe shi, fotasiyam kuma ya haura milimola 100. Gwaje-gwaje da yawa an yi su ne da magniziyam ninki goma na wannan, ko kuma babu shi sam da ɗan sodiyam, domin layukan su fito siriri. Tunda TAR da U6 sun nuna cewa yawan ayon yana karkata rabon siffofi, to alƙaluman kashi ɗaya ko kashi goma cikin ɗari da aka auna a kwalba na kwalbar ne har sai an sake auna su a inda RNA take rayuwa. A 2009 rukunin Lukáš Trantírek ya cusa DNA da RNA cikin ƙwan kwaɗon Xenopus ya saurare su a ciki, a 2018 kuma rukunin Masato Katahira a Kyoto ya yi haka a ƙwayoyin halittar ɗan'adam. Siginar tana da rauni, inzayim ɗin ciki suna cinye RNA cikin sa'o'i, kuma magniziyam ɗin da ake nema har yanzu ta bakin maƙwabtansa ake jin labarinsa.